Hankakin Kaka

Sana'ata ridi da zoɓo. Ina bin kasuwannin ƙauye daga Wurno har Farin Dutse ina saye mudu-mudu, in tara a sito a Birnin Kudu, in jira manyan motoci su zo su kwashe. Da keke na fara, rabin buhu a bayan sirdi. Abin da hanyar nan ta koya mini shi ne in dubi abu sau ɗaya in san amfaninsa, in kuwa ban ga amfanin ba in kawar da shi in wuce. Wannan hali shi ya ciyar da ni, shi ya gina mini gida a bakin gari ta wajen duwatsu. Shi ne kuma ya kusa korar kakata daga gidan.

Kakata ce ta wajen uwa. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi a Kwandiko, kuma tun ina yawo ba wando take kirana maigida, ni kuma in ce mata amarya, kamar yadda jika da kaka suka saba. Da yanar ido ta fara rufe mata gani, har ta daina gane mutum sai ya yi magana, na dage sai ta dawo wurina kusa da asibiti. Shekara biyu muna ja. A ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: da tantabarunta za ta zo.

Guda goma sha ɗaya ne. Ba ta ci, ba ta sayarwa. Na taɓa ce mata 'yan shila suna da kasuwa, masu jinya suna nema, ta ce in fara kai 'ya'yana in ga yadda kasuwar take tukuna. In sun yi mata yawa sai ta ba wanda ta yarda da shi biyu, mace da namiji, bayan ta yi masa tambayoyi kamar ya zo neman aure. A cikinsu akwai wata fara tas mai gashi har ƙafa, kamar ta sa safa. Ita ce 'yar gaban goshi. A tafin hannun Kaka take cin gero, in kuma Kaka ta zauna a tabarma sai ta sauka a kafaɗarta ta yi ta jan bakin ɗankwalinta.

A a-kori-kurata na ɗauko su. Kaka ta ƙi a sa kwandon a baya tare da kaya, a cinyarta ta riƙe shi lulluɓe da zane tun daga Kwandiko har ƙofar gidana, duk ramin da na faɗa sai ta ce, "A hankali, direban ridi, ba buhu ka ɗauko ba."

A ƙarshen gidana akwai ɗan fili da na bari don shanya, bayan katangarsa kuma akwai wata doguwar giginya a gonar maƙwabci. Nan ta zaɓa. Ba ta gani sosai, amma ita ta tsara komai da baki da hannu. Ta sa aka kafa dirkoki huɗu dogaye, aka yi rumfa a sama, aka naɗe kowace dirka da fallen kwano mai santsi don kada muzuru ko maciji ya samu wurin kamawa. A kan rumfar aka jera tsofaffin tuluna a kwance, kowanne sai ta zura hannu ta auna bakinsa. Wanda ya yi faɗi ta ce a mayar. Na tsaya ina kallo ina jinjina mata a raina. Wannan aiki ne da na gane amfaninsa da ganin farko.

Abin da ban gane ba shi ne ƙanzo.

Tun makon farko ta karɓe kankarar tukunya daga hannun matata. Kullum da safe, in rana ta ɗan ɗaga, sai ta jiƙa ƙanzon tuwon jiya, ta dafa bango ta tafi har kusurwar katanga mafi nisa da rumfar tantabaru, ta jera shi a kan katangar, sannan ta buga tsohon kwano da cokali sau uku. Kwana goma ƙadangaru ne kawai suke cin moriyar abin. Daga nan hankaka ɗaya ya fara zuwa, sai biyu, kafin wata biyu sun zama bakwai ko takwas, har wasu biyu suka fara ɗaukar tsinke suna hawa giginya da shi.

Wanda ya zauna da hankaka ya san halinsa. Sabulun matata ya fara ɓacewa a bakin rijiya. Naman da aka shanya a igiya ya ragu. Ga kuka tun safe, ga kashi a gilashin mota. Wata rana na same ta tana jera musu ƙanzon na ce, "Amarya, yanzu kuma ɓarayi kike ciyarwa a gidana?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Ai na saba. Wa ya ciyar da kai lokacin da kake sace mini ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin gado?"

"Ni ai na shiryu."

"Ka dai samu sito."

Muka yi dariya na wuce kasuwa. A raina na ɗauka sadaka ce irin ta tsofaffi, wadda ba a tambayar dalilinta. Ban tambaya ba, ita kuma ba ta ga abin bayani ba. Daga baya na gane cewa a wurinta abin a fili yake kamar rufe randa. Ba ta taɓa zaton wanda ya tashi a ɗakinta bai sani ba. Ni kuwa duk shekarun da na yi a Kwandiko ina ganin hankaki a kan kukar bayan ɗakinta, ban taɓa haɗa su da tantabarun ba.

Da lokacin aikin idonta na dama ya zo, aka kwantar da ita kwana uku, matata tana wurinta. Rana ta biyu na fito da safe zan tafi Farin Dutse, na tarar da hankaki biyu a kan motata sun zare robar goge gilashi suna ja kamar hanjin kaza. Ba wata babbar asara ba ce, amma ta zo a kan sabulu da nama da kashi. Ina yaro ni ne gwanin danƙo a unguwarmu, ni ake turawa gadin gero. Na yanko robar tsohon tayar keke, na samo reshe mai baki biyu, cikin minti goma na haɗa. Na zuba ƙanzo a kan katanga, har kwanon na buga sau uku yadda take yi. Suka sauko. Dutse ɗaya na saki.

Sai na yi abin da muke yi a gona: na ɗaure gawar a ƙafa, na rataye ta a dogon sanda a jikin katangar don sauran su gani. Da yamma da na dawo, giginyar nan ta yi baƙi da hankaki, sun fi talatin, ban san inda suka fito ba, suna ta ihu har maƙwabta suka leƙo. Na tsaya a tsakiyar filin da jar hulata ina kallonsu, su ma suna kallona. Washegari ko ɗaya babu. Gida ya yi tsit. Na ce wa kaina na gama da wannan matsala da dutse ɗaya, kuma gaskiya na ji daɗin kaina.

Kaka ta dawo da auduga da filasta a ido. Da safe ta sa matata ta riƙe mata hannu har kusurwar katanga, ta jera ƙanzo, ta buga kwano. Ta tsaya ta karkata kai tana saurare. Ta sake bugawa.

"Maigida, ina baƙina?"

"Sun yi tafiya, amarya. Na sallame su."

"Da me ka sallame su?"

Matata ce ta gaya mata abin da ke rataye sama da kanta. Na jira zagi irin na wasa, wanda na saba ramawa. Bai zo ba. Sai ta yi magana da wata murya da rabona da jin ta tun ina yaro.

"Sauke shi ka binne. Ka kuma je ka ƙirga tantabarun nan ka riƙe a ranka, don ba za su daɗe a haka ba."

Na sauke na binne, na ƙirga goma sha ɗaya, ina ganin rigimar tsufa ce.

Kwana uku bayan haka ina tsaye a filin wajen hantsi ina waya da wani direba, tantabarun suna zagaye a sama yadda suka saba. Ban ga zuwansa ba. Ƙara na ji kamar an yaga sabon yadi, sai wani bugu, sai gashi yana saukowa a hankali a kan shanyar zoɓona. Da na ɗaga kai shaho ya riga ya yi nisa ya nufi duwatsu da abu a ƙafarsa. Sauran suka faɗo cikin tuluna kamar an jefo su. Kaka tana zaune a tabarma, ba ta ga komai ba, amma ta ji.

"Wacce?"

"Mai ruwan toka, mai zobe a wuya."

"Tana da ƙwai biyu," in ji ta. Sai ta ce in zauna.

A nan ta yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Ta ce shaho ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron ihu ko jifa, don kafin ka sunkuya ka ɗauki dutse ya gama. Abu ɗaya ne yake hana shi sakat a sama, shi ne hankaka. Inda hankaki suka ɗauka gidansu ne, musamman in sun yi sheƙa, ba sa barin shaho ya gifta. Tun yana nesa za su fara ihu, tantabaru su ji su sauka, su kuma su taru a kansa su yi ta dukansa har ya bar unguwar. Ta ce tun ranar da muka iso ta ji iskar duwatsun nan ta san akwai shaho a ciki, shi ya sa ba ta kwana bakwai ba ta fara kiran masu gadi.

Na ce, "Amma hankaka ai shi ma ɓarawon ƙwai ne."

"Shi ya sa na auna bakin tulu. Ka ga ya taɓa shiga? Kuma shi ya sa abincinsu yake can, na tantabaru yake nan. Mai gadi in ka ƙoshar da shi a ƙofa ba ruwansa da ɗaki. Sabulu nawa suka ɗauka?"

Matata ta ce, "Uku, Kaka."

"To, sabulu uku da robar mota. Kai da kake cewa ka iya ciniki."

Cikin mako guda shahon ya dawo sau biyu, muka koma takwas.

Ni mutum ne da in na yi ɓarna nake son gyarawa da hannuna, kuma da sauri. Na sayo ragar waya, na kira mai walda, kafin la'asar an kewaye rumfar gaba ɗaya har sama. Na kawo Kaka ta shafa wayar da hannu. Na ce yanzu ko mikiya ce sai dai ta kalla. Ta ce to kawai.

Shaho bai sake ɗaukar ko ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma cikin mako biyu na ga abin da ban taɓa gani a tantabarun Kaka ba. Mazan suka fara faɗa har da jini a kai. Wata ta fasa ƙwanta. Farar nan ta daina sauka a hannun Kaka ko an shiga da Kakar cikin ragar, sai ta manne a jikin waya tana kallon sama. Sun saba tashi tun suna 'yan shila, kamar kakanninsu.

Wata safiya matata ta tare ni a zaure ta ce, "Alhaji, Kaka ta aika ƙauye a share mata ɗaki."

Na same ta tana ninke zannuwanta. An cire mata filasta, idon yana ta ruwa, sai an ɗiga mata magani sau huɗu a rana, kuma likita ya ce bayan wata biyu a kawo ta a yi na hagun. A Kwandiko babu mai tsaya mata a kan wannan. Ƙaninta da ke gidan shi ma tsoho ne, 'ya'yansa suna gona tun safe. Na san in ta tafi, idon da aka gyara zai lalace, ɗayan kuma ba za a taɓa yi ba. Na faɗa mata haka ba tare da kwana-kwana ba.

Ta ce, "Na sani. Amma ban kawo su gari don a ɗaure su ba, kuma ba zan zauna ina ji ana ɗauke su ɗaya-ɗaya ba. A can kukata tana nan da hankakinta."

"Amarya, ido fa ake magana. Saboda tsuntsaye?"

"Shekara nawa ka yi kana zuwa gaishe ni sau ɗaya a wata da ledar lemo? Sauran kwanakin wa kake tsammani nake hira da shi?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Da ta ga haka sai ta sassauta. Ta ce za ta gwada kiran hankakin har a ga sabon wata, kwana ashirin da 'yan kai ke nan. In sun dawo ta zauna. In ba su dawo ba, in mayar da ita yadda na ɗauko ta, da kwandonta a cinya. Sannan ta kafa mini doka.

"Daga yau kada ka sake taka filin nan da rana. Sun san fuskarka."

"Hankaka? Ya san fuska?"

"Da jar hularka. Sun fi talatin da suka zo suka dube ka, an gaya mini. Kana tsammani gaisuwa suka zo yi?"

Na yi dariya, amma na bi doka don ba ni da bakin musu. Bayan kwana biyu na je kwata sayen nama, inda hankaki ba sa rabuwa da shi. Mutane sun fi ashirin a wurin. Ina sauka daga mota wasu biyu a kan rufin kwano suka fara ihu, suka taso suna shawagi a kaina ni kaɗai, har mahaucin ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, me ka ci musu?" Daga ranar na ajiye jar hula a ƙasan akwati.

Haka na zama baƙo a gidan da na gina. In zan fita ta zaure nake bi kaina a ƙasa, motar ma na koma ajiye ta a ƙofar sito. Aikina ɗaya ne a cikin shirin: kullum in karɓo hanjin kaji da tarkacen nama a kwata, in miƙa wa matata a bakin zaure, ita ta kai wa Kaka a haɗa da ƙanzo. A zauren akwai wata 'yar taga mai kallon filin. A nan nake leƙe, kuma a nan na ga yadda tsohuwar nan take aiki.

Ba ta zauna jiran hankaki kawai ba. Ta sa aka yanke ƙofa a saman ragar wayata. Ta daina ba tantabarun abincin safe. Ta lura shahon da hantsi yake farauta, sai ta riƙe su har bayan la'asar, ta sake su da yunwa. Su yi zagaye uku ko huɗu su miƙe fukafukai, sai ta girgiza gwangwanin dawa, su zubo gaba ɗaya don cikinsu ba komai. Tashin bai fi na shan kofin shayi ba, amma faɗan ya tsaya.

Sai maganar farar. Kaka ta ce a cikin garke idon shaho kan fari yake fara sauka, kuma Allah ne kawai ya tsare ta zuwa yanzu. Ta aiki matata ta kawo bula irin ta wanki, ta dama da ruwa da ɗan toka, ta riƙe tantabarar a cinya tana shafa mata da tsumma gashi bayan gashi tana lallashinta. Da ta bushe ta fito wata iri, ba shuɗiya ba, ba toka-toka ba, kamar tsohuwar rigar makaranta. Mijinta ya dube ta ya koma ƙarshen rumfa. Kwana biyu yana korar ta daga bakin tulunsu.

"Ka gani ko?" Kaka ta ɗaga murya don ta san ina taga. "Duk halinku ɗaya. An ɗan canja mata kaya ya manta da ita."

"Ni ai ban manta da ke ba, amarya, ko da aka rufe miki ido ɗaya."

"Rufe mini baki, kada su ji muryarka."

Duk da haka mun sake rasa ɗaya. Wani saurayin namiji ne mai taurin kai da ya ƙi sauka da gwangwani, ya ƙara zagaye shi kaɗai. Shahon ya gane an canja lokaci, shi ma ya canja. Muka koma bakwai. Ranar Kaka ba ta ci tuwon dare ba, washegari kuma na ga ƙullin kayanta a bakin ƙofar ɗakinta, an ɗaure.

Amma ko sau ɗaya ba ta fasa fita ba. Lokaci ɗaya, zane ɗaya, kusurwa ɗaya, bugu uku. Ta jera, ta koma tabarma ta zauna ba motsi, ƙudaje suna bin hanjin, ƙadangaru suna ja. Ni da na saba in abu bai biya ba cikin mako in sake hanya, na tsaya a taga ina mamakin wannan haƙuri. Ba ta roƙo, ba ta gunaguni. Ta san abin da ta sani, ta kuma ba shi lokacinsa.

A rana ta goma sha shida hankaka ɗaya ya sauka a kan giginya. Bai sauko ba, ya yi kallo ya tafi. Kwana uku yana haka. Rana ta huɗu ya zo da wani, suka sauka a can ƙarshen katanga, suka matso da gefe-gefe, ɗaya ya fizgi hanji suka tashi. Na kusa yin kabbara a zaure. Da na taya ta murna da yamma ta ce in dakata.

"Cin abinci daban, gadi daban. Mai wucewa ma yana ci. Sai ranar da suka ɗauki wurin nan nasu ne."

Saura kwana biyu a duba wata, bayan la'asar, na dawo daga sito na tsaya a tagata. Kaka ta buɗe ƙofar raga, bakwai ɗin suka tashi, mai bula a tsakiyarsu. Hankakin nan biyu suna kan giginya tun rana, abin da ba su saba ba. Zagaye na biyu ake yi sai na ji kukansu ya canja, gajere, da sauri, ba irin na neman abinci ba. Tantabarun suka karye a sama kamar an ja su da igiya suka yo ƙasa tun Kaka ba ta taɓa gwangwani ba. Sai a lokacin na hango shi, ɗan ɗigo daga wajen duwatsu, ya riga ya haɗe fukafukai.

Mai bula ce a baya, gashin ƙafarta yana rage mata sauri. Na ga ya saita ta. Hankaka na farko ya taso daga giginya ya gifta ta gabansa, dole ya buɗe fukafukai ya kauce, ya wuce ta da kamar kamu ɗaya. Kafin ya juyo na biyun ya hau samansa ya sauko masa a baya, har na ga gashi ya tashi. Daga wajen gari wasu uku suka taho suna ihu. Suka sa shi a tsakiya, wannan ya buga ya tashi, wancan ya sauko, shi kuma yana ta juyawa yana nuna musu farata, yana ja da baya, har suka kai shi bayan duwatsu. Mai bula ta faɗa tulunta da ƙarfi har tulun ya motsa.

Na manta da doka na fito filin a guje. Kaka tana tsaye, abin da tun zuwanta ban ga ta yi ba sai ta dafa bango. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta ɗaga kai tana bin su da na daman.

"Biyar ne," in ji ta. "Ga na ƙarshen can yana dawowa. Maigida, na gan su. Har farin ƙirjinsu na gani."

Rabon da ta ga abu mai nisa haka ya fi shekara shida. Ta daɗe a tsaye tana kallo, ni kuma ina kallonta. Sai hankakin suka dawo kan giginya, suka gan ni, suka dasa sabon ihu, wannan karon nawa ne.

"Koma ciki kafin ka ɓata mini aiki!"

Na koma zaure, na yi magana ta taga kamar mai neman bashi. "To amarya, jibi in zuba mai a mota ko in bari?"

"Ka kai ni ina?"

"Kwandiko. An share ɗaki."

"In tafi wa zai ba su ƙanzo? Kai? Ko inuwarka ba sa son gani." Ta juya wajen matata. "Zo ki kwance mini ƙullin nan, zanen da nake nema yana ƙasa. Ki kuma tambaye shi ranar da likitan ya ce a koma, ɗayan idon ma ina so a buɗe. Da ido ɗaya ban ga wanda ya fara dukan ba."